Idan an sallami soja da ƙafa ɗaya, wa zai kai shi gida?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Janairu ta kama, manya sun fara maƙala tambarin 'yan mazan jiya a ƙirji, ranar 15 ga wata kuma za a ajiye furanni a saki tantabaru kamar yadda aka saba. Ina so mu taɓa wani abu da ya shafi wannan, amma daga nesa zan ɗauko shi.

Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a watan Afrilun 1861, wasu mata a birnin Niyok suka kira taro don tsara yadda za a riƙa aika wa sojojin Arewacin Amurka bandeji da barguna da masu jinya. Cikinsu har da Dakta Elizabeth Blackwell, mace ta farko da ta samu digirin likitanci a ƙasar. Wani limamin coci mai suna Henry Bellows ya tafi Washinton tare da wasu likitoci don su ji ta inda kayan za su shiga. Abin da suka tarar a sansanonin soja ya fi ƙarfin bargo da bandeji. Ƙazanta ko'ina, abinci ba ya dahuwa, samarin ƙauye da ba su taɓa yin ƙyanda ba an cusa su wuri guda, likitocin soja kuwa a farkon yaƙin ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. Daga nan aka kafa Hukumar Tsabta ta Amurka a watan Yunin 1861. Sunan hukuma kawai gare ta, farar hula ne ke tafiyar da ita, kuma da kuɗin jama'a ta yi aiki. Shugaba Lincoln ma ba da son ransa ya sa hannu ba, an ce yana ganin za ta zama ƙafa ta biyar a keken doki.

Kafin ta naɗe tabarmarta a 1866 ta tara kusan dala miliyan 5 tsaba, da kaya na kimanin dala miliyan 15, akasari daga ƙungiyoyin mata na garuruwa da ƙauyuka.

Ga tambayata. Irin wannan aiki na jama'a ne, ko kuwa in jama'a suka ɗauka sun sauke wa gwamnati nauyin da yake nata ne?

Injiniya Nura:
Wa alaikumus salam Malam. Tawa amsar gajera ce. Wanda ya ɗauki yaro aiki, ya ba shi kaki da bindiga, ya tura shi daji, shi zai yi jinyarsa. Duk shekara kason tsaro na cikin mafi tsoka a kasafin kuɗi. Yau in muka fara karo-karon bandeji, gobe harsashi ma za a ce mu kawo gudummawa.

Malam Habibu:
Injiniya, an riga ka faɗin haka, kuma wadda ta riga ka ba ƙaramar mace ba ce. Bayan gwabzawar Solferino a arewacin Italiya, ranar 24 ga Yunin 1859, wani ɗan kasuwar Janiba, Henry Dunant, ya ga dubban masu rauni zube ba mai kallonsu, sai matan garin Castiglione ne ke ba su ruwa suna wanke musu ciwo. Shi ne ya kawo shawarar kowace ƙasa ta kafa ƙungiyar 'yan sa-kai tun ana zaman lafiya. Florence Nightingale, wadda ta je asibitin sojan Ingila a Scutari da masu jinya 38 a 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, ba ta goyi bayansa ba. Hujjarta ita ce kula da soja wajibin gwamnati ne, in 'yan sa-kai suka karɓe shi, yaƙi zai yi wa masu mulki arha. Duk da haka aka kafa Red Cross a 1863, aka sa hannu kan yarjejeniyar Janiba a 1864.

Injiniya Nura:
To ni dai ina bayan wannan baiwar Allah.

Sista Rabi:
Yaya Nura, kana magana kamar mai rauni zai iya jiran a gama shari'ar wa ke da laifi. Ni a ɗakin marasa lafiya nake wuni. Gyambo ba ya jiran a saki kuɗin kwata.

Kuma akwai abin da mutane ba sa ganewa game da yaƙi. A wancan yaƙin da Malam ya ambata, cikin sojoji uku da suka mutu, biyu cuta ce ta kashe su, ba harsashi ba. Atuni, taifot, ciwon huhu, zazzaɓin cizon sauro. Mutum sama da dubu ɗari shida ake magana gaba ɗaya. Abin da ya burge ni da mutanen Hukumar Tsabtar nan shi ne ba su tsaya ga rabon kaya ba. Likitoci suka ɗauka suna bi sansani sansani da takardar tambayoyi: ina aka haƙa masai, ana rufe shi da ƙasa kullum, daga ina ake ɗiban ruwa, wa ke girki, sau nawa ake wanka, an yi wa yaran nan lambar agana? Hafsan da aka zaɓo jiya daga cikin 'yan garinsu bai san ɗaya daga ciki ba.

Sai kuma batun albasa, wanda in ka ji za ka yi dariya amma ya ceci rayuka. Sojan da ya yi watanni yana cin busasshen biskit da naman gishiri, dasashinsa kan kumbura ya riƙa zubar da jini, haƙora su yi girgiɗi, rauni ya ƙi warkewa. A 1863 reshen Shikago ya bi manoma yana roƙon albasa da dankali, aka loda jiragen ruwa zuwa wajen sojojin da ke kewaye da garin Vicksburg. Ka gaya mini wane ofishin gwamnati ne zai iya tattara albasar gida gida da sauri haka.

Ustaz Auwal:
Jazakillahu khairan Sista. Mu ma a namu tarihin abin ba baƙo ba ne. Rufaida al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inda take jinyar masu rauni. Da kibiya ta samu Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Khandaƙ, can aka kai shi don a riƙa duba shi daga kusa. Ranar Uhudu Nana A'isha da Ummu Sulaim suna ɗauko salkunan ruwa a bayansu suna shayar da mayaƙa. Nana Faɗima kuwa da ta ga jinin raunin mahaifinta ya ƙi tsayawa da ruwa, guntun tabarma ta ƙona ta danna tokar a wurin. Babu wanda ya ce musu ku jira hukuma.

Injiniya Nura:
Allah ya gafarta Malam, zamanin nan da ka kawo babu ma'aikatar tsaro, babu albashin soja, babu kwangilar magani. Kowa mayaƙi ne kowa mai agaji ne. Yanzu akwai wanda ake biya musamman don wannan aiki. Ban ce kar a taimaki mai rauni ba, cewa na yi kar taimakon ya zama labulen da wani zai ɓuya a baya.

Baba Saje:
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, jikata ce ke taya ni bugawa don idona ya yi rauni. Na yi aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo, na yi ritaya ina saje.

'Ya'yana, duk kun tsaya a asibiti. Soja muddin yana kan gado, yana da sauran gata. Akwai lambarsa a jikin gado, akwai abinci ko ba daɗi, manya kan zo dubiya da 'yan jarida, matan hafsoshi kan kawo sabulu da madara. Wahala tana farawa ne ranar da aka miƙo maka takardar sallama. Daga ranar ba ka cikin fareti, ba ka cikin masu karɓar albashi, fansho bai fara ba, ɗakin bariki kuma ana jira ka fita. Ba soja ba, ba farar hula ba.

Akwai abokina da muka shiga soja tare, nakiya ta ɗauke masa ƙafar hagu daga gwiwa. Ranar da aka ɗauke mu kurata, akawu ya tambaye shi suna ya ce Garba, don haka ake kiransa a gida. A takardar makaranta da ta banki kuwa Abubakar ne. Wannan kaɗai ya sa ya yi shekaru yana sintiri. Na gan shi da idona wajen tantancewa a wani ofishi, yana zaune kan kwali a baranda, ƙafar robar ya cire ya jingina da bango don kututturen ya yi masa ƙuna saboda zafi, takardunsa cikin baƙar leda ya ɗaure da kyauron roba. Wani yaro mai tsabtar riga ya zo ya tsuguna kusa da shi ya ce Baba kawo abin shan ruwa in shigar maka da fayil. Ya ba shi. Bai ƙara ganinsa ba. Ba bandeji yake nema ba a lokacin. Wanda ya iya karatu yake nema, mai tsoron Allah, ya zauna da shi ya bi takardun nan ɗaya bayan ɗaya.

Malam Habibu:
Baba, Allah ya ƙara girma. Kun kai mu daidai inda nake son zuwa, domin a ganina nan ne mutanen Hukumar Tsabtar nan suka yi aikin da ya fi kowane, kuma shi aka fi mantawa.

Wani ma'aikacinsu, Frederick Knapp, ya lura tun a 1861 cewa a tashar jirgin ƙasa ta Washinton akwai sojoji marasa lafiya kwance a ƙasa. Rundunarsu ta wuce ta bar su, ba su kai a kwantar da su asibiti ba, ba su kuma iya tafiya. Aka samar musu masauki kusa da tashar. Daga wannan ɗan masaukin aka samu sashe guda, da gidajen saukar soja da dama a garuruwan da jirage ke haɗuwa, irin su Louisville da Nashville da Memphis da Cleveland.

Ku ji aikin da suke yi wa wanda aka sallama. A ba shi wurin kwana da abinci kyauta. A duba takardar sallamarsa kafin ya kai ta wajen mai biyan albashi, domin kuskure ɗaya na akawun runduna ya isa a mayar da shi. In ba zai iya tsayuwa a layi ba, wakili ya tsaya masa ya karɓo. A sayo masa tikitin jirgi da rangwame, a raka shi har cikin tarago don kar 'yan damfarar da ke shawagi a tasha su raba shi da kuɗinsa. In tufafinsa sun yi dauɗa a canja masa, don kar ya shiga garinsu a wulaƙance. Sannan akwai matsalar da ta fi duka ciwo: mutum yana kwance asibiti wata da watanni, rundunarsa ba ta san inda yake ba, sai a rubuta a littafi cewa ya gudu daga bakin daga. Da wannan tabon babu albashi babu fansho. Su ne ke bin asibitoci da wasiƙu har a samo shaidar da za ta wanke shi.

Daga ƙarshen 1862 kuma suka buɗe rajistar marasa lafiya, suna tattara sunaye daga asibitocin soja, dubban ɗaruruwa. Uwa ta rubuto daga ƙauye tana cigiyar ɗanta, a duba a ba ta amsa, ko yana raye a gado kaza, ko ya rasu ranar kaza.

Barista Zainab:
Malam, bari in ƙara ta ɓangarenmu. Majalisar Amurka ta yi dokar fansho a watan Yulin 1862, ƙaramin sojan da ya nakasa gaba ɗaya yana da dala 8 a wata. Doka ta yi kyau a takarda, amma sai ka kawo shaidar likita, da ta hafsanka, da rantsuwa. Nan take dillalan fansho suka cika gari suna yankar rabonsu. Abin da Hukumar ta yi shi ne ta buɗe ofisoshin bin haƙƙi kyauta ga soja da matar mamaci da marayu.

Shi ya sa nake ganin Yaya Nura da Sista ba su saɓa ba kamar yadda suke zato. Wanda ya cika wa soja fom ya bi masa fayil bai sauke wa gwamnati nauyi ba, ƙara mata ya yi, don kuɗin da da za su kwanta a asusunta yanzu dole ta biya. Yaron da ya karɓi kuɗin abokin Baba ya samu kasuwa ne saboda babu mutumin kirki a barandar.

Injiniya Nura:
Wannan kam ba ni da ja a kai, Barista. A tilasta wa gwamnati ta biya abin da ke kanta, da ni za a yi. A biya mata, ba da ni ba.

Isuhu Maraɗi:
Gaisuwa ga Baba da kowa. Mu nan abin da tarihi ya nuna mana shi ne rigimar tsohon soji kullum a kan kuɗin sallama take tashi. Ranar 1 ga Disamban 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Afirka ta Yamma da suka yi wa Faransa yaƙi, suka sha zaman fursuna hannun Jamus, sun ce ba za su watse ba sai an biya su bashin albashinsu. Aka buɗe musu wuta. Sojan Faransa suka ce 35 ne suka mutu, masana tarihi da yawa na cewa sun fi haka nesa ba kusa ba. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda cewa kisan kiyashi ne. Waɗanda suka tsira kuma, dokar 1959 ta daskarar da fanshonsu, Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya da shi nasa yana ƙaruwa, nasu yana nan inda yake shekara da shekaru.

Alhaji Tanko Kumasi:
Haka ma nan Gana. Ranar 28 ga Fabrairun 1948 tsofaffin sojoji, da yawansu daga yaƙin ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) suka dawo, suka kama hanyar fadar gwamna a Ankara da takardar koke kan alkawuran da ba a cika musu ba. Ɗan sandan Bature ya harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya na cikin abin da ya gaggauta 'yancin kai. Kakannin wasunmu na zango suna cikin masu wancan kakin.

Baba Saje:
Alhaji, mu ma sunayen na nan a ƙofar barikokinmu. Chindit a Zariya, Dalet a Kaduna, Arakan da Myohaung a Ikko, duk daga Bama aka samo su. Sunan wurin da aka yi yaƙin ya zauna. Mutanen da suka yi shi, kaɗan ne za ka samu wanda ya san inda suka ƙare.

Ɗan Auta:
Malam Habibu, ni kuɗin ne ya tsaya mini a rai. Dala miliyan nawa a wancan zamanin, ba waya ba tiransifa? Ta yaya?

Malam Habibu:
Baje koli, Auta. Mary Livermore da Jane Hoge suka shirya na farko babba a Shikago a ƙarshen 1863. Manoma suka shigo da amalanke cike da amfanin gona, mata suka kawo ɗinki, masu masana'antu suka kawo injuna, a sayar a zuba a asusu. Lincoln ya ba su rubutun hannunsa na shelar 'yanta bayi, aka sayar dala 3,000, daga baya ya ƙone a gobarar Shikago ta 1871. Na Niyok da na Filadelfiya a 1864 kowanne ya haura dala miliyan ɗaya.

Amma wanda ɗalibaina suka fi so shi ne na buhun fulawa. Wani mai kanti, Reuel Gridley, a garin masu haƙar azurfa da ake kira Austin a Nevada, ya yi fare kan zaɓen magajin gari a 1864, ya faɗi. Hukuncinsa ya saɓa buhun fulawa ya ratsa gari ana bin sa da kiɗa. Da ya sauke aka rasa yadda za a yi da buhun, sai aka ce a yi gwanjonsa don sojoji. Wanda ya saya ya biya ya mayar, aka sake gwanjo, wani ya biya ya mayar. Gridley ya ɗauki buhun nan gari gari har Kalifoniya, ya tara abin da ya haura dala dubu ɗari da shi.

Ɗan Auta:
A unguwarmu kafin gwanjo na uku an yi fanke da shi.

Ustaz Auwal:
Auta Allah ya shirye ka. Faren dai babu kyau, gwanjon ba laifi.

Maman Walid:
Ina ta karatu ban sa baki ba. Ni matar soja ce, a bariki nake, maigidan yana arewa maso gabas. Abin da kuke kira aikin farar hula mu muna yin sa kullum, ba mu dai da suna ne. In aka kawo masu rauni, magajiyar bariki kan bi layi layi, wannan ta kawo kunu, wannan ta yi farfesu, domin wani yaron iyayensa na can Kuros Riba ko Taraba, kafin su ji labari su haɗa kuɗin mota an yi sati biyu. Wa zai wanke masa kaya? Wa zai riƙe masa waya ya yi magana da uwarsa in hannun ba ya ɗaguwa? Mu ne, daga kuɗin cefanenmu.

Kuma akwai raunin da ba a ɗaure shi da bandeji. Maƙwabciyata mijinta ya dawo lafiya lau a ido. In aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura ya faɗa bayan kujera, dare ba ya barci, yara sun koyi tafiya da sanɗa a gidansu. Ba ta da wanda za ta gaya wa, tana tsoron a ce ya taɓu a sallame shi. Wannan a wane asusun za a saka shi?

Sista Rabi:
'Yar uwa, wannan ciwo ne sananne kuma ana maganinsa, ba hauka ba ne. Ki lallaɓa ta su ga likitan ƙwaƙwalwa, ko ita ta fara zuwa ita kaɗai ta yi bayani. Barinsa ne ke kai wa ga shaye-shaye da duka. Zan yi miki magana ta gefe.

Injiniya Nura:
Allah ya dawo miki da shi lafiya, Maman Walid. Amma ku dubi abin da ta faɗa, daga kuɗin cefane. Ai maganata ke nan tun farko.

Kuma Malam kar mu mai da mutanen nan mala'iku. Su da kansu ba su ɓoye ba cewa burinsu soja ya warke da wuri ya koma bakin daga. Manyan Niyok ne masu ji da kansu, ba sa son mace ta ɗauki ƙunshinta ta kai wa 'yan garinsu kai tsaye, sai dai komai ya bi ta rumbunsu. Ga kuma jita-jitar da ta yi ta yawo a lokacin cewa likitoci da hafsoshi ne ke cinye kayan daɗin da mata ke aikowa.

Malam Habibu:
Duk an faɗa, Injiniya, kuma jita-jitar ta cutar da su har sai da suka riƙa buga bayanan shige da ficen kaya suna aika wakilai garuruwa su yi wa mata bayani. Batun rumbu guda kuma suna da hujja: in kowane gari nasa kawai zai aika wa, rundunar garin masu kuɗi za ta yi ta ribar barguna, ta talakawa na rawar ɗari. Sun kuma yi takun saƙa da wata ƙungiyar, Hukumar Kirista, wadda ke aika 'yan sa-kai na ɗan lokaci ba albashi, tana yi musu gorin cewa su ma'aikatansu biyansu ake yi. Amsarsu ita ce wanda ake biya ana iya koya masa aiki, a tuhume shi, a kore shi.

Ustaz Auwal:
A nan ina tare da masu biya. Aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta sa ma'aikatan zakka cikin mutum takwas da ke da rabo a cikinta. Wanda zai wuni yana bin fayil ɗin wani, shi ma yana da iyali. In ba a ba shi halal a fili ba, zai nemi na shan ruwa a ɓoye.

Barista Zainab:
Abin da ban ji an ambata ba shi ne haƙoran da suke da su. Su suka matsa wa majalisa har aka yi wa sashen lafiya na soja garambawul a watan Afrilun 1862, aka tsallake tsofaffin da ke jiran gado aka naɗa William Hammond shugaban likitocin soja yana da shekara 33. Daga baya ya yi karo da sakataren yaƙi Stanton aka tsige shi a 1864, amma gyaran ya riga ya kama ƙasa. Tambayata ga Baba: a nan, wata ƙungiyar farar hula za ta iya shiga asibitin soja da takardar tambayoyi ta fito ta buga abin da ta gani?

Baba Saje:
'Yata, da katan ɗin madara za ki shiga har a yi hoto da ke. Da biro da takarda kuwa, a bakin get za ki tsaya. Soja ba ya son baƙon ido, ko'ina haka yake, kuma wani lokacin da dalilinsa. Shi ya sa nake ce muku ku bar cikin bariki ku tsaya a waje, inda ba mai hana ku. Akwai ƙungiyarmu ta 'yan mazan jiya, akwai cibiyar koyar da sana'a a Oshodi ga masu shirin ritaya, amma wanda aka sallama saboda rauni yana da shekara ashirin da biyar, ya koma ƙauye wajen tsohuwarsa, ba ya cikin lissafin kowa.

Malam Habibu:
Wannan ma sun yi gardama a kansa, Baba. Bellows ba ya son a gina manyan gidajen ajiye nakasassun sojoji. Har Turai ya sa aka je aka duba irin na Faransa, ya ce gara a ba mutum fansho ya koma cikin danginsa ya yi 'yar sana'ar da zai iya. Amma masu rauni suka yi yawa, wasu baƙi ne daga wasu ƙasashe ba su da kowa a ƙasar, dole a watan Maris na 1865 gwamnati ta yi dokar kafa gidajen, na farko ya buɗe a Togus ta jihar Maine a 1866.

Baba Saje:
Shi limamin yana da gaskiya rabi. Babu sojan da zai zaɓi gidan gwamnati a kan gidansu. Sai dai dangi suna ɗauka ne in fansho na shigowa. In ya tsaya wata shida za ka ga fuska ta canja, ba don mugunta ba, don babu.

Maman Walid, 'yata, ga abu ɗaya da za ki yi tun yau. In maigidanki ya kira, ki tambaye shi sunan wa ke takardarsa a matsayin magaji. Yawancinmu mun cika ta ne muna samari, muka sa uba ko wa, aka yi aure aka haifi 'ya'ya ba a koma an gyara ba. Allah ya tsare shi, amma na ga matan da suka fita bariki da yara huɗu ba ko sisi, ɗan uwan miji ya karɓe.

Barista Zainab:
Baba, a doka wanda aka rubuta ɗin nan ba shi ne mai dukiyar ba. Wakili ne kawai da za a tuntuɓa, abin da ya karɓa gado ne, a raba shi yadda shari'a ta tsara. Matar tana da tumuninta, 'ya'ya suna da nasu.

Ustaz Auwal:
Haka yake, kuma wanda ya riƙe ya ci dukiyar marayu.

Baba Saje:
Na sani, 'yata. Amma ofis sunan da ke cikin fayil yake biya. Sauran sai a kotu, kuma matar da aka ba wa'adin kwashe kayanta daga ɗaki ba ta da kuɗin lauya. In kina da lokaci ranar Asabar, akwai biyu a unguwarmu da zan haɗa ki da su, ɗaya takardun ma ba ta san waɗanda ake nema ba.

Barista Zainab:
Ku turo mini ta gefe, Baba. Su zo da takardar aure, da ta haihuwar yaran, da duk wata takarda mai lambarsa ta soja, ko ta yage.